Ganyen da Ya Kaɗe Taki Ne: Yadda Za a Amfana da Shi a Lambun Gida

Kowace shekara, da zarar damina ta ɗauke, aka kawar da amfanin gona, iskar hunturu ta fara kaɗawa, sai itatuwa su shiga zubar da ganye. Daga watan Nuwamba zuwa Maris, tsakar gida da ƙofar gida, filayen makarantu da harabar ofisoshi, duk sai su cika da busasshen ganye. Abin da yawancin jama'a suka saba yi shi ne su share shi su tara, sa'an nan su sa masa wuta da sassafe ko da almuru, ko kuwa su tura shi cikin magudanar ruwa. Wannan al'ada tana jawo hasara iri uku: hasarar taki, hasarar lafiya, wani lokaci har da hasarar dukiya ta hanyar gobara. Manufar wannan ɗan littafi ita ce a bayyana wa masu gidaje da masu lambuna abin da ke cikin ganyen nan, da illar ƙona shi, da kuma hanyoyi masu sauƙi da za a bi a mai da shi abin amfani ba tare da kashe kuɗi ba.

Dalilin da ya sa itatuwa ke zubar da ganye

Ganye shi ne wurin da itace ke haɗa abincinsa da taimakon hasken rana, amma kuma ta ganyen ne ruwan jikinsa ke fita ya bi iska. Idan ruwa ya yi ƙaranci a ƙasa, itacen da ya riƙe ganyensa duka zai bushe. Saboda haka sai ya janye wani kashi na abincin da ke cikin ganyen ya adana a rassa da saiwa, koren launin ya gushe, ganyen ya koma rawaya ko ja-ja, sa'an nan wata 'yar gaɓa ta tsinke a gindin ganyen, iska ta kaɗo shi ƙasa.

A ƙasashen sanyi, irin su Ingila da Jamus da arewacin Amurka, gajartar yini da shigowar sanyi ne ke jawo wannan, tsakanin watan Satumba da Nuwamba. A Nijeriya kuwa rashin ruwa ne babban dalili. Kuka da rimi sukan tsaya fayau ba ganye a tsakiyar rani. Ɗorawa da kaɗanya sukan zubar da tsohon ganye su fid da sabo cikin ɗan lokaci. Darbejiya, wadda ake kira dogon yaro ko maina, da mangwaro da kashu, ba su cika zama tsirara ba, amma suna zubar da ganye mai yawa kafin bazara. A jihohin kudu, inda rani ba shi da tsawo, zubar ganye ta fi yawa daga Disamba zuwa Fabrairu.

Gawo ne kaɗai ya sha bamban. Shi yakan zubar da ganyensa ne da faɗuwar damina, ya yi kore shar da rani. Manoman ƙasar Hausa sun daɗe da lura cewa gero da dawa sun fi kyau a ƙarƙashinsa, shi ya sa ba su sare shi daga gona. Ganyen da ya zubar, tare da kashin dabbobin da suka sha inuwarsa da rani, su ne ke ciyar da ƙasar wurin. Abin da gawo ke yi wa gona da kansa, shi ne ake so mai lambu ya yi wa lambunsa da hannunsa.

Abin da ke cikin busasshen ganye

Saiwar itace tana nutsawa ƙasa fiye da saiwar tumatir ko alayyafo, tana jawo sinadarai daga inda ƙananan tsire-tsire ba su kai ba. Wani kashi na waɗannan sinadarai yana nan cikin ganyen da ya faɗo, watau naitirojin da fosfaras da fotashiyam, waɗanda su ne ake saye cikin buhun takin zamani, tare da sinadarin ƙalshiyam da waɗansu ƙanana. Bayan wannan, jikin ganyen kansa, idan ya ruɓe, yakan zama baƙar ƙasa mai laushi wadda ke riƙe ruwa kamar soso.

Wannan baƙar ƙasa ita ce abin da gonakin ƙasar nan suka fi rasawa. A yawancin ƙasar jigawa ta arewa, ruɓaɓɓen abin da ke cikinta bai wuce kashi 1 ko 2 cikin 100 ba, domin zafin rana da gara suna cinye shi da sauri. Ƙasar da ta rasa shi ba ta riƙe ruwa, ba ta kuma riƙe takin zamani. Ruwan sama ɗaya mai ƙarfi ya isa ya wanke abin da aka zuba. Ƙasar laka kuwa, idan babu shi, sai ta ƙame ta tsattsage da rani, ta yi danƙo da damina.

Illar ƙona ganye

Da farko, wuta tana kore naitirojin da ke cikin ganye kusan gaba ɗaya, ya bi hayaƙi, haka kuma jikin ganyen da zai zama baƙar ƙasa. Abin da ke saura shi ne 'yar toka. Gaskiya ne toka tana da fotashiyam da ƙalshiyam, amma ba ta da nauyi, iskar hunturu takan kwashe ta kafin ta amfani kowa.

Na biyu, hayaƙin ganye, musamman wanda bai gama bushewa ba, yana ɗauke da iskar guba da kuma ƙananan ɓurɓushi waɗanda ke shiga can cikin huhu. Lokacin hunturu iska ta riga ta cika da ƙura, mura da tari sun yawaita. Ƙarin hayaƙi yana tsananta wahalar masu ciwon asma, da jarirai, da tsofaffi, da mata masu juna biyu. Abin ya fi muni idan aka haɗa ganyen da leda da robobi da tsofaffin batura, kamar yadda ake yi a juji.

Na uku, gobara. Da hunturu kome a bushe yake, iska kuma tana da ƙarfi. Tartsatsi ɗaya daga tarin ganye ya isa ya kama danga ko zana, ya haura jinka, ya kai ga rumbu ko tarin harawa. Sau da yawa wanda ya kunna wutar yakan tafi harkarsa yana zaton ta mutu, alhali tana ci ta ƙarƙashi.

Ya kamata kuma jama'a su sani cewa doka ta shiga wannan al'amari. A shekarar 2007 Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar NESREA domin tabbatar da bin ƙa'idojin kare muhalli, a shekarar 2011 kuma aka fitar da ƙa'idojin da suka shafi ƙunar daji da ƙone-ƙone a fili. Banda wannan, jihohi da ƙananan hukumomi suna da nasu dokokin tsafta.

Tura ganye cikin kwata ba mafita ba ne. Yakan haɗu da yashi da leda ya toshe hanyar ruwa, ruwa ya kwanta, sauro ya samu wurin hayayyafa, idan ruwan sama ya sauko da ƙarfi kuma ya rasa hanya sai ya shiga gidaje.

Hanya ta farko: lulluɓe ƙasa da ganye

Wannan ita ce hanya mafi sauƙi. A tattara ganyen da manjagara ko tsintsiya, a tsince leda da gilashi da ƙarafa, sa'an nan a shimfiɗa shi a kan fangali ko kewayen gindin itatuwa, kaurinsa ya kai santimita 5 zuwa 10, watau kamar faɗin tafin hannu. A fara ba ƙasar ruwa kafin a shimfiɗa, a kuma yayyafa ruwa ko ƙasa kaɗan a bisansa domin kada iska ta kwashe shi.

Amfanin wannan lulluɓi yana da yawa. Yana hana rana ƙona fuskar ƙasa, saboda haka danshi yakan daɗe, mai lambu ya rage yawan ban ruwa. Yana danne ciyawa, domin irinta ba ya samun haske. Da damina yana tare ƙarfin ɗigon ruwa, ƙasa ba ta zaizayewa. A hankali kuma tana da sauran ƙananan halittu suna jan ganyen cikin ƙasa yana ruɓewa. Tumatir da barkono da kuɓewa da yalo, da 'yan itatuwan mangwaro da lemo da gwaiba da aka dasa, duk suna jin daɗinsa.

Amma akwai sharuɗɗa uku. Kada ganyen ya taɓa jikin shuka. A bar tazarar yatsu huɗu ga kayan lambu, taki guda ga itace, domin danshi a gindi yana jawo ruɓewa. Kada a lulluɓe wurin da aka yafa ƙananan iri, kamar alayyafo da latas da albasa, sai sun tsiro sun yi ƙwari. Sa'an nan kada a jingina ganye da bangon ɗaki ko rumbu ko ginshiƙin katako, domin gara tana bin sa. A cikin lambu gara ba kullum ne abokiyar gaba ba, gama tana huda ƙasa ruwa ya shiga; a jikin gini kuwa ɓarna ce.

Hanya ta biyu: haɗa takin ganye

Wanda yake da ganye mai yawa, ya fi kyau ya mai da shi taki sosai. Ruɓewa aiki ne na ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani, kuma abubuwa huɗu suke bukata: busasshen abu, ɗanyen abu ko kashin dabbobi, ruwa, da iska. Busasshen ganye yana da sinadarin kabon da yawa, naitirojin kaɗan. Masana sun nuna cewa ruɓewa ta fi sauri idan kabon ya ninka naitirojin sau 25 zuwa 30, alhali a busasshen ganye yakan ninka shi sau 40 zuwa 80. Shi ya sa ganye shi kaɗai ke daɗewa bai ruɓe ba, shi ya sa kuma ake haɗa shi da kashin shanu ko na awaki ko na kaji, da ɗanyar ciyawa, da ɓawon kayan miya.

Tsarin jera waɗannan abubuwa hawa-hawa ya yi suna ne daga garin Indore na ƙasar Indiya, inda wani masanin aikin gona ɗan Ingila, Albert Howard, ya gwada shi tsakanin 1924 da 1931, bayan ya lura da dabarun manoman Indiya da Sin. Ga yadda ake yi:

1. A zaɓi wuri mai inuwa, nesa da rijiya da ɗakin kwana, kusa da inda ake samun ruwa.

2. A jihohin arewa, inda iska ke busar da kome, a haƙa rami mai faɗin mita 1, tsawon mita 2, zurfin santimita 60 zuwa mita 1. A jihohin kudu da wuraren da ruwa ke kwanciya, kada a haƙa rami. A tara a bisa ƙasa, tsayinsa ya kai ƙugu ko ƙirji, a yi masa 'yar rumfa.

3. A shimfiɗa karan dawa ko na masara ko ƙananan rassa a ƙasa, domin iska ta riƙa shiga.

4. A zuba busasshen ganye mai kaurin santimita 15 zuwa 20. Ganye mai tauri, irin na mangwaro da kashu, a fara tattake shi ko a bubbuge shi da sanda ya farfashe.

5. A bi shi da kashin dabbobi ko ɗanyen ganye mai kaurin santimita 5.

6. A barbaɗa ƙasar lambu kaɗan, da toka ɗan cikin hannu. Kada a cika toka, domin tana kore naitirojin.

7. A yayyafa ruwa, sa'an nan a sake jerawa kamar da, har ramin ya cika ya ɗan yi tozo.

8. A rufe da ƙasa ko tsofaffin buhuna ko ganyen ayaba, a kafa doguwar sanda a tsakiya.

Bayan kwana uku ko huɗu, a zaro sandar a taɓa. Idan an ji ta da ɗumi da danshi, aiki yana tafiya daidai. Tsakiyar tari mai kyau yakan yi zafi har digiri 55 zuwa 65 a ma'aunin Salshiyas, kuma wannan zafi ne ke kashe yawancin irin ciyawa da ƙwayoyin cuta. Idan sandar ta fito da sanyi a bushe, ruwa ya yi kaɗan. Idan ta fito da danshi amma ba ɗumi, a ƙara kashin dabbobi. Idan tarin yana wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, ruwa ya yi yawa iska ba ta shiga, sai a juya shi a ƙara busasshen ganye. Hanyar gane daidaiton ruwa ita ce a damƙi kaɗan a matse: ya jiƙa tafin hannu, amma kada ruwa ya zubo.

A juya tarin da shebur bayan mako biyu, a sake juyawa bayan wani mako biyu, sa'an nan sau ɗaya bayan wata guda, ana mai da na gefe tsakiya, na tsakiya gefe. Wanda ya haƙa rami biyu kusa da juna zai ga sauƙi, domin sai ya riƙa kwashewa daga wannan yana zubawa a wancan. Cikin kimanin wata uku takin zai nuna. Alamarsa ita ce ya yi baƙi-baƙi, ya yi laushi, ya daina zafi, ya riƙa ƙanshin ƙasar da ruwan farko ya jiƙa, kuma ba a iya gane ganyen da aka zuba. Kada mai lambu ya yi mamaki in ya ga tarin ya koma rabi ko ƙasa da haka. Ke nan wanda ya haɗa nasa a watan Janairu ko Fabrairu zai same shi a shirye kafin shukar damina.

Hanya ta uku: barin ganye ya ruɓe shi kaɗai

Ma'aikacin da ke zaune a birni, ba shi da dabbobi ba shi kuma da lokacin juya tari, yana iya cusa ganye cikin tsofaffin buhunan hatsi, ya jiƙa shi, ya ɗaure bakin, ya ajiye a inuwa, yana yayyafa ruwa lokaci lokaci. Wannan yakan ɗauki wata shida zuwa shekara guda. Masu lambu a Ingila sun daɗe suna yin haka, sai dai a can sanyi yakan sa a jira shekara ɗaya ko biyu. Abin da ke fitowa ba shi da ƙarfin takin da aka haɗa da kashin dabbobi, amma yana da kyau ƙwarai wajen rainon iri da cika tukwanen furanni, idan aka gauraya shi da ƙasa da yashi.

Mai awaki ko tumaki kuwa yana da wata hanya. Ya riƙa zuba busasshen ganye a turke. Ganyen zai tsotse fitsari, wanda ke ɗauke da naitirojin mai yawa, dabbobin su tattake shi da kashinsu, wurin ya rage wari da ƙuda. Bayan mako biyu ko uku a kwashe a kai rami, a zuba sabo.

Ganyen da ke bukatar lura

Ba kowane ganye ne ake yi wa hukunci ɗaya ba. Ganyen itacen turare yana da mai a jikinsa, yana jinkirin ruɓewa, kuma yana iya hana ƙananan iri tsirowa; kada a lulluɓe fangali da shi, a sa shi kaɗan kaɗan cikin rami tare da waɗansu. Ganyen darbejiya yana ruɓewa da kyau, ɗacinsa kuma ba ya shiga kayan lambu. Sai dai a tsince 'ya'yan, in ba haka ba za su tsiro ko'ina. Ganyen tsamiya da ɗorawa da gawo da zogale ƙanana ne, suna saurin narkewa. Ganyen da cuta ta kama, kamar na tumatir ko mangwaro mai baƙaƙen tabo, kada a shimfiɗa shi a gindin irin shukar da ya fito. A haƙa rami mai zurfi a gefe a binne shi.

Abubuwan da ba a zubawa cikin ramin taki su ne: leda, roba, gilashi, batir, nama da ƙashi da mai, kashin kare da na kyanwa, da bayan gida na mutane. Waɗansunsu ba su ruɓewa, waɗansu suna kiran ɓera, waɗansu kuma suna ɗauke da cuta.

Akwai kuma kuskuren da ake yawan yi, watau a binne busasshen ganye mai yawa cikin fangali, a yi shuka nan take. Ƙwayoyin da ke ruɓar da shi za su janye naitirojin na ƙasar domin aikinsu, shukar ta yi rawaya ta tsumbure. Ganyen da bai ruɓe ba, wurinsa bisa ƙasa ne; wanda ya ruɓe shi ake haɗawa da ƙasa.

Tarin ganye maɓoya ce ga kunama da maciji. Mai aiki ya sa takalmi, ya yi amfani da manjagara ko shebur maimakon hannu, ya wanke hannu da sabulu bayan ya gama. A kewaye rami da ƙaya ko danga saboda yara da dabbobi.

Yadda ake zuba takin

A baza shi a kan fangali da kaurin santimita 2 zuwa 5, a gauraya da ƙasar sama da fartanya, mako ɗaya ko biyu kafin shuka ko dashe. Wajen dasa itace, a haɗa kwanon sarki ɗaya ko biyu da ƙasar da aka haƙo, a mayar cikin ramin. Takin da ba a tashi amfani da shi ba a rufe shi a inuwa, domin rana da ruwan sama suna rage masa ƙarfi.

Ya kamata a faɗi gaskiya game da iyakarsa. Takin yuriya yana da naitirojin kashi 46 cikin 100, takin ganye kuwa bai cika wuce kashi 1 ko 2 ba. Saboda haka ba zai maye gurbin takin zamani a babbar gonar masara ba. Amma a lambun gida yakan wadatar da yawancin kayan miya, inda kuma aka haɗa su biyun, takin zamani kaɗan yakan yi aikin mai yawa, domin ƙasar tana riƙe shi. Tun shekarar 2022, da farashin takin zamani ya yi tashin gwauron zabi a kasuwannin duniya, darajar wannan ta ƙara fitowa fili.

Kira ga jama'a

Noman bayan gida ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. A shekarar 1976, a ƙarƙashin shirin Ciyar da Ƙasa na zamanin Janar Olusegun Obasanjo, an yi kira ga ma'aikata da ɗalibai da matan gida su noma duk ɗan filin da suke da shi. A tsakiyar shekarun 1980 kuma, lokacin Yaƙi da Rashin Ɗa'a, aka soma tsaftar gari ta ƙarshen wata, wadda jihohi da dama suka ci gaba da ita. Abin da ya rage shi ne a haɗa waɗannan biyu, watau sharar da aka tara ranar tsafta ta koma abincin lambu.

Ana roƙon masu unguwanni da dagatai su ja hankalin jama'arsu su daina sa wa ganye wuta. Ana roƙon shugabannin makarantu su ware wuri a haƙa ramin taki, domin yara su koya da hannunsu su kai gida. Masu kula da harabar ofisoshi da asibitoci da barikoki su umarci masu shara su riƙa raba ganye da leda, su ba masu lambu. Wanda ba shi da lambu ya ba maƙwabcinsa mai shi. Duk mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi malamin gona na yankinsa ko sashen aikin gona na ƙaramar hukumarsa.

Da yayyafi kogi kan cika. Idan kowane gida ya haƙa rami ɗaya a wannan hunturu, hayaƙi zai ragu a unguwa, magudanan ruwa za su buɗe, kuma kafin damina ta yi nisa mai gida zai ga bambanci a fangalinsa da kuma kuɗin cefanensa.